Ƙurar hunturu, zafin bazara: yadda wata laftof ɗin gem ta kasa aiki a Samaru

Laftof ɗin ta gem ce, ƙirar 2019, ta hannu, daga Legas aka taho da ita. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar injin, Intel Core i7-9750H, katin girafik ɗinta, mai zana hotunan da ake gani a sikirin, NVIDIA GTX 1660 Ti mai gigabait 6, fanka biyu, caja mai wat 180. Mai ita ɗalibi ne a sashen koyon zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, yana haya a Hayin Dogo. Ba don gem ya saye ta ba, ko dai in ce haka ya faɗa wa mahaifinsa: manhajojin zanen gini, Revit da Lumion, ne ke buƙatar inji mai ƙarfi, kuma gaskiya suna buƙata. Amma in dare ya yi an ajiye zane, shi da abokan ɗakinsa sukan jona hannun gem biyu su buga FIFA har sai barci ko ɗaukewar wuta ta raba su.

Cikin Afrilu ya kawo ta shagona. "Oga, tun watan Oktoba da na saye ta ba ta taɓa yi min gardama ba," in ji shi. "Duk hunturun nan lafiya lau. Shigowar Maris ta fara. Ana cikin wasa sai hoto ya riƙa sarƙewa, fanka na ta kururuwa, saman kibod ba ya taɓuwa. Shekaranjiya ina tsakiyar rendarin aikin da zan miƙa ta ɗauke ɗif." Rendarin shi ne aikin da inji ke yi na mayar da zane cikakken hoto. Na tambaye shi ko wani ya taɓa buɗe ta. Ya sosa ƙeya, ya ce kwanakin baya ya kai wa wani mai gyara, an sake mata fes, wato man da ake shafa wa furosesa don zafi ya fita, an kuma ce an canza sosunan ciki masu ɗauke zafi daga ƙananan sassa, tun daga nan abin sai gaba ya yi. Ya kuma sayi faifan fanka irin wanda ake ɗora laftof a kai, mai shuɗiyar fitila, yana nan cikin jakarsa.

Ban ɗauki sukudireba ba tukuna. Laftof ɗin da ake zargi da zafi, in ka buɗe ta kafin ka auna, ka zubar da shaidar da za ta nuna maka ko gyaranka ya yi. Kuma ba kowace sarƙewa ce daga zafi ba. Cajar da ba ta kai ƙarfin inji ba tana jawo irinta, haka ma direban girafik, wato manhajar da ke sarrafa katin, in ya rikice. Na duba cajar, tata ce ta asali, ga 180 a rubuce a jikinta. Na sa HWiNFO, manhajar da ke karanto ma'aunan zafin da aka dasa a cikin injin. Ma'aunin da ke rataye a bangon shago yana nuna digiri 36, wajen ƙarfe biyu na rana. Shi na fara rubutawa, domin duk sauran lambobin a kansa za su hau.

Ba a buɗe komai ba, furosesa tana zaune a digiri 60 da 'yan kai. Muna kunna FIFA, kafin a gama zaɓen ƙungiya ta taɓa 100. Girafik ya hau sannu a hankali ya tsaya cak a 87, gudunsa ya fara sauka. Layin da ke nuna an rage gudu saboda zafi ya koma ja. Amma ba 100 ɗin ne ya fi ɗaukar hankalina ba. Furosesar nan tana da ƙwayoyin aiki 6, duk a kan guntun silikon ɗaya da tsawonsa bai kai santimita 2 ba. Biyu suna 100, ɗaya tana 83. Bambancin digiri 4 ko 5 tsakaninsu ba komai ba ne. In ya wuce 15, ƙura kaɗai ba ta yin haka, don ita kowa take shaƙewa daidai. Alama ce farantin jan ƙarfen da ke ɗauke mata zafi bai zauna sosai a kan furosesa ba. Sai na kara bayan hannuna a mafitar iska. Ta dama tana huro zazzafar iska da ɗan ƙarfi. Ta hagu kuwa, duk ihun da fankar ke yi, da ƙyar na ji motsi.

Ba a banza lambobin suka tsaya inda suka tsaya ba. Intel ta yanke wa wannan furosesa iyakar digiri 100. In ta kai nan, da kanta take rage gudu da wutar da take sha don kada ta ƙone. Katunan NVIDIA na laftof su ma suna da tasu iyakar, galibi wajajen 87. Gudun furosesar na asali gigahaz 2.6 ne, tana iya tashi har 4.5 in ta samu sarari, shi ne turbo. In zafi ya matsa mata sai ta riƙa hawa tana faɗowa, wannan hawa da faɗowar ce mai wasa ke gani a matsayin sarƙewa. Injin bai lalace ba, kare kansa yake yi. Ɗaukewa ɗif kuwa mataki ne na ƙarshe: ko dai rage gudun ya kasa, ko kuma ƙananan sassan da ke daidaita wuta a kan bod, wato babban allon da aka dasa kayan injin a kai, waɗanda ba kowa ke tunawa da su ba, sun yi zafin da ya wuce kima. Na biyun na fi zargi tunda na ji an taɓa sosunan ciki.

Duk wutar da laftof ta sha, kusan dukkanta zafi take komawa. An ƙiyasta wa furosesar nan wat 45, kuma takan zarce haka sosai na ɗan lokaci in ta shiga turbo. Girafik ɗin yana iya shan wat 80. Haɗa su, ka ƙara sikirin da memori da sauran tarkace, za ka gane dalilin cajar wat 180. Wanda ya taɓa damƙar tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 yana kunne ya san abin da ake nufi. To ka ɗauka guda da rabi ne a kunne cikin akwatin da kaurinsa bai kai santimita 3 ba.

Hanyar da zafin ke bi ya fita guda ɗaya ce. Daga silikon ya ratsa fes, man nan da ake shafawa don ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin silikon da ƙarfe. Daga fes ya shiga farantin jan ƙarfe, daga faranti ya shiga bututai. Mutane da yawa sun ɗauka bututan nan sandunan ƙarfe ne zalla. Cikinsu rami ne, an zuƙe iskar, an bar ɗan ruwa kaɗan an liƙe. Da yake ba iska, ruwan yana tafasa tun zafi bai yi nisa ba, tururin ya ruga ƙarshen da ya fi sanyi, ya koma ruwa, ya biyo wani garin ƙarfe mai tsotso da ke manne a bangon bututun ya dawo, haka ake ta zagaye. A ƙarshen bututun akwai ɗan ƙaramin lagireto, siraran ganyayen ƙarfe jere dab da dab, fanka tana hura iska ta tsakaninsu zuwa waje. In mahaɗa ɗaya ta samu matsala a wannan jerin, kyawun sauran ba ya ceto. A irin wannan ƙira kuma furosesa da girafik suna tarayya a wasu bututan, saboda haka zafin wannan yana hawa kan wancan.

Sannan akwai abin da ba ya cikin laftof ɗin kwata-kwata. Fanka ba ta ƙera sanyi, iskar ɗaki take ɗiba ta tura ta lagireto. Zafin furosesa kullum zafin ɗaki ne, a ɗora masa wani adadi da ya danganta da yawan wat ɗin da ake ƙonawa da kuma lafiyar hanyar fita. Masu gwada laftof da muke kallo a YouTube, yawancinsu a ɗakunan da ke tsakanin digiri 20 da 25 suke gwajinsu. In a can ta nuna 85 fanka na gudun ƙarshe, a ɗakin da ke 37 sai ta nemi 97 ko fiye, alhali sabuwa ce fil, ba ƙura ko ɗis. Mafi yawan masu ƙera laftof sun rubuta a takardunsu cewa a yi aiki da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Zariya kuwa, Maris da Afrilu rana kan haura 35, wata ran ta doshi 40, ɗaki mai rufin kwano da taga ɗaya kuma yakan riƙe zafin har bayan isha'i. Akwai makonni ke nan a kowace shekara da muke aiki da injinan nan a wajen iyakar da aka ƙera su a kai, ko da komai nasu ƙalau yake.

Shi ya sa zancen "duk hunturu lafiya lau" bai ba ni mamaki ba, ya ma ƙara min tabbaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura mai laushi daga hamadar Sahara ta cusa ta ko'ina, ga kuma ta layin unguwa da babura ke tayarwa. Laftof ɗin gem tana zuƙar iska ninkin ba ninkin ta ofis, awa da awanni, kuma duk abin da ke cikin iskar sai ya bi ta lagireto. Amma a daidai watannin da take cika da ƙura, sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, da dare ma ɗaki bai cika wuce 20 da 'yan kai ba. Sanyin yana rufa wa ƙurar asiri, mai inji bai san ana yi ba. Maris na shigowa sai abubuwa biyu su haɗu: lagireto a toshe, ɗaki kuma ya ƙara digiri 10 ko 15. A hunturu aka kwashi ciwon, bazara tona shi kawai ta yi. A ganina duk mai irin wannan inji a garin nan, ƙarshen Fabrairu ya kamata a buɗe masa a share, tun ba ta fara kuka ba. Amma shagunanmu a Afrilu suke cika.

Na kwance murfin ƙasa, na zare igiyar batir daga bod kafin in taɓa komai. Ragar shigar iska tsaf take, ya ce kullum yana bin ta da buroshi. Ganyen fankokin ma ba su yi muni ba, da alama wanda ya riga ni buɗewa ya hure su. Sai dai ƙurar da ke kashe laftof ba a nan take kwana ba. Sai ka kwance fankar gaba ɗaya ka leƙa tsakaninta da bakin lagireto. A ta hagu, ƙura da zaren bargo da gashi sun cakuɗe sun yi dafkala guda, toka-toka da sirkin ja, ta rufe bakin lagireton daga wannan gefe zuwa wancan. Na kama gefenta da hantsaki na zaro ta ɗungurungum, ko karyewa ba ta yi ba, ga sawun ganyayen ƙarfen nan layi-layi a jikinta. Na ajiye masa ita a kan farar takarda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Oga, ai cewa aka yi an wanke ta." Ta dama rabinta ne a toshe.

A nan hure-huren da ake yi daga waje ke yaudarar mutane. Wasu har wurin mai faci suke kaiwa a ba ta iskar kwamfuresa. Iskar tura dafkalar take yi cikin fanka, tana juya fankar da gudun da ya fi ƙarfin beyarin ɗinta, kuma sau da yawa tana ɗauke da danshi daga tanki. In za a hure, a cire fanka tukuna, a huro lagireton ta bayansa don ƙurar ta koma ta inda ta shigo.

Da na ɗaga farantin jan ƙarfe sai sauran labarin ya fito. Fes ɗin da aka sa fari ne mai arha, irin na babban sirinji, an labta shi har ya zubo gefe. Yawan ba shi ne babban laifi ba, don in faranti ya danne da kyau rarar fita take yi. Abin dubawa shi ne sawun da fes ya bari. Inda ƙarfe ya zauna daram, fes yakan yi sirantar da har kana hango ƙyallin silikon ta cikinsa. A nan gefe ɗaya na furosesa haka yake, ɗaya gefen kuwa fes na nan da kaurinsa, da ƙyar ma faranti ya taɓa shi. Kan girafik ma kusan haka. Dalilin yana kewaye da girafik ɗin: guntayen memori 6, kowanne an ɗora masa sabon soso shuɗi mai tauri. Aikin sosunan nan cike gibin da ke tsakanin memori da faranti, kuma kowace ƙira da kaurin da aka auna mata, wata rabin milimita, wata milimita 1. Ragowar tsohon da ta maƙale a kusurwa ta nuna na asali siriri ne mai laushi, sabon kuwa ya ninka shi kauri. Sai farantin ya hau kan sosuna ya ɗage ya karkace. Notoci sun ɗauru tamau, amma ƙarfe bai sauka inda ake buƙatarsa ba. A kan sassan daidaita wuta kuma akasin haka aka yi: tsohon soson ya yage wajen cirewa, aka bar biyu daga ciki tsirara. Ga inda ɗaukewa ɗif ɗin ta samo asali.

Ba na jin mugunta ce. Kauri ɗaya ne a durowar mutumin, shi ya liƙa wa ko'ina, bai kuma kwance fanka ya leƙa ba. Yaron dai ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Kafin in mayar da komai na gwada bututan, domin in ɗaya ya huje ruwansa ya tsere, duk fes ɗin duniya ba zai yi magani ba. Gwajin ba wuya. Yarona ya karɓo ruwan zafi a kofi wurin mai shayi, na tsoma ƙarshen da ke da lagireto, na riƙe ta wajen faranti. Cikin 'yan daƙiƙu zafi ya iso yatsuna har sai da na sauya hannu. Mai rai ke nan. Matacce sai ka gaji da jira. Na shanya shi ya bushe sarai, na goge tsohon fes da sifirit ɗin wanke bod.

Ɗalibin ya zo da nasa ra'ayin daga YouTube, wai a sa mata narkakken ƙarfe. Na ƙi. Gaskiya ne ya fi kowane fes ɗaukar zafi, amma haɗin galiyom ne, lantarki yana bi ta cikinsa, yana kuma cin alminiyom. Laftof ɗin da kullum tana tsaye cikin jaka a bayan ɗan acaba tsakanin Hayin Dogo da situdiyo, ɗigo ɗaya ya gangara kan bod shi ke nan. Fes na gama-gari shi ma yana da nasa aibin a laftof. Silikon ɗinta tsirara yake, ba shi da murfin ƙarfe irin na kwamfutar tebur, kuma kumbura da motsewar da faranti ke yi tsakanin zafi da hucewa suna tura fes mai ruwa-ruwa gefe kaɗan-kaɗan, bayan 'yan watanni tsakiya ta bushe. Mai kauri ya fi jurewa. Wanda na fi so shi ne PTM7950 na kamfanin Honeywell, siririn falle ne, yana yin laushi in zafi ya kai wajajen digiri 45, ya sake daskarewa in an huce, ba ya saurin barin wurinsa. Amma sai an aiko daga Legas, ga ranar miƙa aikinsa ta matso. Muka sa fes mai kauri mai kyau, da sosuna masu laushi daidai kaurin na asali, har da wuraren da aka bari tsirara. Notocin faranti kowanne da lamba a gefensa, bi da bi ake ɗaure su, kaɗan-kaɗan ana zagayowa, ba a ƙure ɗaya sannan a koma wani. Na ɗaure, na sake kwancewa na duba sawu, na ga ya baje daidai ko'ina, sannan na goge na shafa sabo na rufe.

Washegari a irin lokacin, bango na nuna 36 ɗin dai, muka sake gwaji. Bambancin ƙwayoyi ya sauko digiri 5. Girafik ya tsaya a 79 bai rage gudu ba. Furosesa tana yawo tsakanin 88 da 93, layin ja bai fito ba. Iska na fita ta ɓangarorin biyu da ƙarfinta. A wurina gyara ya yi. Shi kuwa fuskarsa ba ta saki ba. "Oga, 90 fa. Wanda na kalla tasa 75 take." Na ce, "Ƙanena, wanda ka kalla a wane gari yake? Cire 13 daga taka ka gani." Abin da sukudireba za ta iya ta yi, ta mayar da injin yadda aka ƙera shi, amma ba za ta mayar da Samaru Landan ba. Saura a rage wutar da ake ƙonawa tun daga tushe.

Nan aka fi samun riba, kuma ko sisi ba a kashewa. Wutar da silikon ke sha ba kafaɗa da kafaɗa take tafiya da gudunsa ba. Kafin a ƙara gudu sai an ƙara boltej, wato ƙarfin da ke tura wutar, wutar kuma murabba'in boltej take bi, saboda haka 'yan megahaz ɗin can sama su suka fi tsada. Muka fara da mai sauƙi. Sikirin ɗinsa hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, amma an sakar wa FIFA mara yana zana fiye da ninkin haka, rarar kuwa zafi kawai take zama. A saitin gem ɗin akwai wurin ƙulle shi a 60. Muna ƙullewa girafik ya sauko ƙasa da 70, fanka ta lafa har muka dawo jin hayaniyar titi. Masu gem ɗin harbi za su yi musu cewa yawan hotunan nan, wato firem, yana sa hannu saurin amsawa, kuma suna da gaskiya. Amma a ƙwallo, a watan Afrilu, cinikin ya yi.

Furosesa ta fi ɗan wuya. A da, maganin da aka fi so shi ne a rage mata boltej da manhajar ThrottleStop ko Intel XTU, gudu na nan zafi ya sauka. Sai dai a ƙarshen 2019 masu bincike suka bayyana wata kafar tsaro da aka sa wa suna Plundervolt, wadda ke bi ta wannan ƙofa, kamfanoni da dama suka rufe ta a sababbin BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke cikin bod mai tayar da inji. Tasa a rufe muka same ta. Akwai masu mayar da tsohon BIOS, ni dai ban yarda in yi wannan kasadar da injin ɗalibi ana gobe miƙa aiki ba. Muka bi ta Windows. A saitin wuta, in ka mayar da iyakar furosesa daga kashi 100 zuwa 99, turbo yana kwanciya, ta zauna a 2.6. Ta faɗo wajajen 72, girafik ma ya ƙara hucewa tunda bututu ɗaya suke bi. Lumion bai ji a jikinsa sosai ba, don a kan girafik ya dogara. Revit kuwa ya ji. Yawancin aikinsa a kan ƙwaya ɗaya yake, yana son gudun nan na sama, manyan zane suka riƙa jan ƙafa. Saboda haka tsari biyu na yi masa: mai turbo don zane, inda nauyi zuwa yake yana wucewa, da marar turbo don gem da dogon rendarin. Shi girafik, manhajar MSI Afterburner ta ba mu damar danne boltej ɗinsa na sama. An rasa ɗan gudu, amma rendarin ya fi na makon da ya wuce sauri nesa ba kusa ba, kuma yana kaiwa ƙarshe.

Faifan fankar nan ma mun gwada shi, kada ya ce na raina kuɗinsa. Ya rage digiri 2 zuwa 3. Na cire shi na tokare bayan laftof ɗin da guntun katako, ragin kusan ɗaya. Masu arhar nan amfaninsu ɗagawar ce, fankokinsu ba su da ƙarfin tura iska ta raga. Akwai masu soso a kewaye da ke liƙewa da gindin laftof, da babbar fanka ɗaya da matatar ƙura. Waɗannan suna aiki da gaske, sai dai tsada da ƙara. Da na tambaye shi inda yake ɗora ta a ɗaki, amsar ita ce wadda na zata: tebur don zane, katifa don ƙwallo. Ta ƙasa take shaƙar iska. A kan katifa ragar nutsewa take yi, ɗan abin da ya samu shiga kuma zaren bargo ne, wanda shi ke kama ƙura ya riƙe a bakin lagireto. Abokin ɗakinsa har ledar fiya wota mai ƙanƙara yakan jera mata a gefe. Na ce su bari, raɓar da ke taruwa a jikin ledar ba ta da wurin zuwa sai ƙarƙashin inji. Fankar ɗaki mai caji da ke kaɗawa ta gefen tebur ta fi wannan amfani, don tana kore zazzafar iskar da laftof ta fitar kada ta sake zuƙe ta. Dogon rendarin kuma a bar shi sai dare ya raba ko da asuba, in wuta ta yarda.

Abu ɗaya ne ba mu daidaita a kansa ba. Tun da na buɗe na ga batir ya fara tashi, in ka ɗora rula a bayansa sai ta riƙa lilo. Batirin litiyom ba abin da ya ƙi jini irin a bar shi cike taf cikin zafi, kuma haka wannan ya yi watanni, ga maƙwabtaka da bututai masu ƙuna. Manhajar laftof ɗin tana da wurin tsayar da caji a kashi 80, wanda ke tsawaita ran batir. Ya ce, "Oga, in aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, wannan 20 ɗin ce za ta riƙe ni in kai inda ake da janareto." Ban iya ce masa ba shi da hujja ba. Cire batirin gaba ɗaya ma ba mafita ba ce. Ƙiftawar wuta ɗaya sai ta tafi da aikin yini, kuma wasu laftof ɗin gem suna rage gudu in ba batir, don a lokacin matsi sukan ɗebo daga gare shi su cike abin da caja ta gaza. Amma batir mai kumburi ba abin wasa ba ne, yana iya ɗage faifan taɓawa da ke ƙasan kibod, in ya huje kuma yana iya kamawa da wuta. Na gaya masa kai tsaye a canza shi. Ya ce sai ya miƙa aiki an turo masa kuɗin wata.

Muka tsaya a kan ya sa iyakar 80 ɗin, kada ya yi gem a kan batir, kada ya bar ta a caji ya fita ko ya yi barci, wato rendarin daren nan ma sai yana zaune a kansa ido biyu har sabo ya iso. In ya ga faifan taɓawa ya fara ɗagowa ko dannawa ta yi tauri, ya kashe ta ya kawo a ranar. Na kwafi lambar da ke jikin batirin na tura wa mai kawo min kaya daga Legas ya nemo.